Biyar Ɗin Da Ta Ɓace

Ranar Litinin, 14 ga Agusta, 2017, an wayi gari a Funtuwa da yayyafi. A ranar ne wata gidauniya ta dawo wa Zuwaira da takardar jarrabawarta ta neman tallafin karatun injiniya. Maki biyu suka hana ta. Tambayar ita ce, idan y = ln(5x), mene ne dy/dx? Ta rubuta 1/x. Mai dubawa ya soke da jan biro, ya sa 5/x. Zuwaira ta cusa takardar cikin waɗanda Inna ke naɗe ƙosai da su.

Yayarta Barira, wadda ba ta wuce firamare ba, ta ɗauko takardar za ta yaga wa mai saye, sai ta ga rubutun ƙanwarta. Ta ce, “Malam, kawo hannunka, wannan ba ta ƙosai ba ce.” Ta ɓoye ta a haɓar zane, da maiƙo a gefenta.

Yaya Haladu tela ne, amma ya yi shekara biyu a jami'a kafin mahaifinsu ya rasu. Barira ta kai masa takardar. Ya duba, ya ɗauki allin yanka ya rubuta a kan teburinsa: ln(5x) daidai yake da ln5 a tara da lnx. Ita ln5 lamba ce tsayayya, ba ta sauyawa, don haka sifiri za ta bayar. Saura 1/x. Ya ce, “Auta, ke ce da gaskiya.” Ya kwafe hujjar a layi huɗu.

Washegari ake rufe karɓar ƙorafi. Ɗayan yayan nasu, Yaya Tasi'u, ya naɗe takardun a leda, ya hau babur cikin ruwa har ofishin gidauniyar a Kaduna. Sakatare ya ce ya ajiye ya tafi. Tasi'u ya ce, “Ranka ya daɗe, ko a benci zan iya kwana.” Sai da shugabar masu dubawa ta fito. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, “Kuskuren namu ne.”

Zuwaira ta samu tallafin. Gidauniyar ta nemi ta aiko da sunan mutum ɗaya da zai tsaya kusa da ita ranar bikin miƙa tallafin. Kwana uku tana juya fom ɗin, sannan ta rubuta suna, ta liƙe ambulan, ta kai gidan waya da kanta.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a tarar a ciki?