Marken Inna Kuluwa

Ku gyara zama, yau da shari'a na zo muku.

A Kwarin Maje akwai wata tsohuwa, Inna Kuluwa, mai 'ya'ya uku da marke ɗaya a bayan gidanta. Da sassaƙen marken nan take yi wa masu zazzaɓin taifot jiƙo tun tana amarya. Yankan nasa yana da ƙa'ida: gefe ɗaya ake ɗiba, a shafe wurin da laka, a bar shi sai ya warke.

Da ƙarfinta ya ƙare, ta koya wa babbar 'yarta Tabawa. Ita kuwa Tabawa ta riƙe abin a ciki. Ko ƙannenta suka tambayi yadda ake yankan, sai ta ce, "Ba na maza ba ne."

Sallau, na biyu, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a birni. Ya ɗebi sassaƙen, ya tace ruwansa, ya ɗiga a kan ƙwayoyin taifot cikin faranti, ya ga sun daina yaɗuwa. Bai jira a gwada a jikin mutum ba, ya tafi gidan rediyo ya yi shelar marke na maganin taifot, har da faɗin sunan garinsu da inda itacen yake.

Auta, Ilu, ɗan kasuwa ne. Da ya ga baƙi suna sauka daga mota suna tambayar marke, ya wasa gatari. Ya saɓe ɓawon zagaye, daga gindi har inda tsani ya kai, yana ƙullawa a leda yana sayar musu.

Inna Kuluwa tana zaune a zaure tana jin sara. Ta aika a kira shi.

"Ilu, tsirara za ka bar shi?"

"Haba Inna, itace ne fa. Zai mayar."

Bai mayar ba. Damina ta faɗi, kowane itace ya yi ganye, marke yana tsaye fari fat kamar ƙashi.

A daminar nan taifot ya kama Inna Kuluwa. Ruwa ya cinye gada, babu hanyar asibiti. Ta ce a jiƙa mata sassaƙe. Tabawa ta zagaya bayan gida da wuƙa, ta dawo hannu wofi. Tsohuwa ta dube ta, ta juya fuska bango. Kafin ruwa ya janye ta cika.

A zaman makoki kowannensu ya shimfiɗa tabarmarsa daban.

Tabawa ta ce wa Sallau, "Kai ka kira mana duniya da bakinka."

Sallau ya ce, "Ni a faranti na ce ya yi aiki. Wa ya ɗauki gatari?"

Ilu ya ce, "Yaya, sau nawa na tambaye ki yadda ake yanka?"

Har yau ba sa gaisawa, kututturen kuma an yi gawayi da shi.

To, ku da kuka ji: tsakanin wadda ta ɓoye, da wanda ya yi shela, da wanda ya sara, wane ne hakkin Inna Kuluwa ya fi nauyi a wuyansa?