Allurar Barmo da Ƙaiƙayin Ciwo

Kun taɓa lura cewa ciwo ba ya fara ƙaiƙayi sai ya kama hanyar warkewa? To, yara, ku matso ku ji dalilin da ya sa haka.

A zamanin da, fatar mutum ba ta iya haɗe kanta. In ka yanke, haka wurin zai zauna a buɗe kamar fasasshiyar ƙwarya, sai an kai ka wurin gyartai, wato mai ɗinke ƙorai. A garin Rafin Kanya gyartai ɗaya ne tak, Baba Barmo. Da hantsi za ka tarar da shi a gindin tsamiya, ƙorai a damarsa, masu rauni a hagu, ana shan fura ana ta hira. Kai, wurin nan ya yi daɗin zama!

Ana nan tsufa ya zo, idon Barmo ya fara dushewa. Ran nan jikarsa Lantana ta je yanko wa akuyarta ciyawa, lauje ya sare ta a ƙwauri. Aka ɗauko ta jini na zuba. Barmo ya ɗaga allura, ya nemi kafarta ya zura zare, ya rasa. Ya sake, ya rasa.

Lantana ta cije leɓe ta ce, "Haba angona, sai a kaina allurar za ta gagare ka? To na fasa auren."

"Yi min shiru, raguwar amarya," in ji shi. Yana dariya, amma ya san in wurin bai haɗe ba, ƙafar ta tafi.

Sai ya sunkuya daidai ciwon ya ce, "Ke Fata, shekara sittin ina yi miki ɗinki kina kallo. Ba ki koyi komai ba?"

Fata ta ce, "Na koya tuni, Baba. Ba wanda ya taɓa tambayata ne. Zan yi, amma da sharaɗi. A wanke wurin a rufe min, ba na son a sa min ido ina aiki. Ba ni da sauri irin naka, kwanaki zan yi. Kuma za a riƙa jin motsin allurata. Duk wanda ya sosa, ya warware min ɗinki."

Barmo ya amince. Ya wanke, ya ɗaure da tsabtataccen ƙyalle, ya zauna zaman jira. Kwana huɗu shiru, ko furar ba ya iya sha. A na biyar Lantana ta yi zumbur ta kai hannu.

"Kaka, wani abu na yawo a ciki!"

Caraf ya riƙe hannun. "Kul! Tana aiki ke nan." Sai hawaye suka zubo masa.

Da aka kwance ƙyallen, fata ta haɗe, saura ɗan siririn layi. Barmo ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Wannan ai ɗinkina ne."

Bayan rasuwarsa gindin tsamiya ya yi tsit, amma ba wanda ya rasa mai ɗinki. Lantana kuwa har ta tsufa tana nuna wa jikokinta layin nan.

Shi ya sa har yau ciwo ke ƙaiƙayi in zai warke. Saboda haka, duk ranar da naku ya fara, ku maƙale hannuwanku a hammata, ku bar ɗalibar Barmo ta gama aikinta.