Wayar da Aka Ɗaura wa Canelo

Nicanor Barraza gwanin hawan doki ne, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Shekara goma sha ɗaya yana shan tafi a filayen gasar makiyaya na Durango da ke ƙasar Meziko, a kan dokinsa Canelo, wanda ya taɓa shiga tsakaninsa da ƙahon bijimi. Da gwiwa ta fara ba shi matsala, sai ya koma wurin masu shirya fim, yana faɗuwa daga kan doki a madadin jarumai.

Wata rana darakta ya ce yana son doki ya kife a tsakiyar gudu, kamar an harbe shi. Don Cástulo, tsohon da ke horar da dawakin fim, ya ce, "A ba ni wata biyu. Zan koya wa doki kwanciya da kansa a kan yashi, ya tashi lafiya."

Nicanor ya yi dariya. "Wata biyu? Don Cástulo, kafin nan ai sauran haƙoranka sun zube. Jibi zan yi."

"Da wayar ƙarfe za ka kayar da shi ke nan," in ji Don Cástulo.

"Da abin da ya samu."

"Ɗana, kai ka san za ka faɗi. Shi bai sani ba."

Nicanor ko a jikinsa. Ya ɗaura doguwar waya a ƙafafun gaban doki, ya ɗaure ɗaya bakin a turke, don idan ta ƙare ta fizge shi. Abin takaicin, Canelo ya zaɓa, domin shi kaɗai ne ya yarda da shi har zai zuba gudu ba tare da ɗar-ɗar ba.

Ya hau shi, ya shafa wuyansa, ya sake masa linzami. Canelo ya ba shi iyakar gudunsa. Waya ta ƙare, doki ya kife, wuyansa ya karye. Nicanor ya mirgina ya miƙe ko ƙwarzane babu, har ya ɗaga hula yadda ya saba. Babu wanda ya tafa.

"Ƙura ta rufe komai, ba mu ɗauka ba," in ji darakta. "A kawo wani doki."

Don Cástulo ya durƙusa ya rufe wa Canelo ido. "Ba dai cikin dawakina ba," ya ce wa darakta. Daga ranar babu wanda ya sake miƙa wa Nicanor linzami a Durango.

Darasi: wanda ya yarda da kai ba ya tsare kansa daga gare ka, shi ya sa cin amanarsa ya fi kowane muni. Idan gaggawarka za ta sa wani a haɗari, ka jira.