Muryar Uba a Bakin Magagari

Akwai wani makaɗi a ƙauyenmu na yankin Giyanyar, a tsibirin Bali, sunansa Nengah Darta. Hannunsa a kan abin kiɗan nan da muke kira gendar ba a magana. Shi ma ya san da haka, kuma daga nan matsalar ta fara.

Mahaifinsu, marigayi Rembang, ya bar gendar biyu, ɗaya na Darta, ɗaya na ƙanensa Komang Suteja, manomin shinkafa. Kowanne jerin ƙarafunan tagulla ne a rataye bisa gorori, ana bugawa da gula biyu.

Gendar ba ya tafiya shi kaɗai. Da gangan ake sa muryar ɗaya ta ɗan fi ta ɗayan kauri. Ka bugi ƙarfe guda, sautinsa a miƙe zai fita. Ka buge shi tare da ɗan'uwansa, sai wani sauti na uku ya taso a tsakaninsu, yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Mu nan igiyar ruwa muke ce masa, kuma kowane gida da irin tasa. Ta gidan Rembang a hankali take tafiya, domin shi da kansa ya daidaita ta da kunnensa.

Wata rana Darta ya sami aikin kiɗa a wani otal a bakin teku. Ya zo gida yana fankama, ya tarar da ƙanensa ya dawo daga gona da laka har gwiwa.

"Mang, zan tafi da nawa gendar," in ji shi, don haka yake kiran Komang. "Na sami abokin kiɗa mai zafin hannu. Kai kana kiɗa kamar kana dasa shinkafa."

Komang, da ke kiran yayansa Bli, ya ce, "Bli, haka Baba ya koya mana."

"Baba bai taɓa yi wa baƙi kiɗa ba. Su ba sa jira."

Abokin, wani Gede Astawa, yana da nasa gendar daga wata maƙera dabam, don haka muryoyin biyu ba su jitu ba. Maimakon a gyara na Gede, sai Darta ya ce a goge nasa. Ya kai shi wurin wani maƙeri a birni, aka bi ƙarafunan da magagari ɗaya bayan ɗaya.

Amma kafin a fara gogewar, Komang ya bi shi har can. Ya ce, "Bli, abin da aka goge daga tagulla ba ya dawowa. Naka da nawa tare aka yi su."

Darta ya ce, "Gadona ne ko gadonka? Koma wurin agwaginka."

Komang ya hau babur ɗinsa ya koma. Tun daga ranar, kowace safiya yakan ɗora ɗan kwandon furanni a kan nasa gendar, ya buga shi kaɗan, ya rufe. Nakan wuce ta bayan gidan in ji kiɗan, kuma gaskiya tausayi yake ba ni, don sautin a miƙe yake fita, ba igiya ko ɗaya.

Aka yi shekaru a haka. Darta ya yi suna, ya yi ƙiba, ya daina zuwa taron unguwa.

Sai Gede ya sami aiki a jirgin ruwa, ya tattara gendar ɗinsa ya tafi. A daidai lokacin ne kuma malamin addini ya tsayar da ranar bikin 'yar Darta, Luh Sariasih. Bikin da ake rage mata tsinin haƙora ne, ta shiga sahun manya, kuma ba a yin sa sai gendar na tashi a gefe.

Darta ya ce zai yi hayar makaɗa. Mahaifiyarsu Rinten, da suke kira Meme, wadda idonta ya riga ya tafi, ta ce ba ta san wannan ba.

"Da gendar na gidan nan aka yi bikinka, da shi aka yi na ƙanenka. Jikata ba za ta kwanta a ƙarƙashin kiɗan haya ba."

Dole Darta ya ɗauko nasa a bayan mota ya kawo gida. Aka ajiye shi da na Komang gaba da gaba. Kowa ya ɗauki gula, suka bugi ƙarfen farko tare.

Abin da ya fito ba igiya ba ce. Wata karkarwa ce mai sauri, kamar zanzaro a cikin gwangwani. Tsohuwa ta kawar da kai.

Washegari suka kai duka biyun wurin Pande Warsa, maƙerin da ya san ubansu. Ya juya ƙarafunan Darta, ya shafa cikinsu da yatsa, ya yi tsaki.

"Wane mahauci ne ya yi wannan? Sun yi sirara. In na ƙara sa musu magagari, tsagewa za su yi."

Darta ya ce, "To a zuba sababbi."

"Kafin ranar biki? Ko da hannu huɗu nake ba zan iya ba." Ya dubi Komang. "Hanya ɗaya ta rage. Naka lafiyayyu ne. In na goge su, za su bi na yayanka. Amma ka sani, a cikinsu kaɗai kunnen ubanku ya rage."

Komang ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarafunan, ya daɗe bai ɗauke ba.

Darta ya ce, "Mang, kar ka yarda. Ni na ɓata, ba kai ba. Zan je in ba Meme haƙuri."

"Kai ka ɓata, Bli, ba a musu," in ji Komang. "Amma Luh ba ta ɓata komai ba." Ya juya wurin maƙeri. "Baba Pande, goge."

Darta ya tsaya yana kallon garin tagulla na zuba a ƙasa. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya fita waje.

Ranar biki da hantsi, Luh ta kwanta a kan shimfiɗa cikin zanen zinariya, dangi sun kewaye ta. 'Yan'uwan biyu suka zauna gaba da gaba suka fara. Igiya ta taso a tsakaninsu, tana hawa tana sauka. Darta bai yi gaggawa ba, hannun ƙanensa ya bi.

An zaunar da tsohuwa kusa da su. Ta karkata kunne ta saurara na ɗan lokaci.

Ta ce, "Wannan ba muryar Rembang ba ce."

Komang ya ce, "Ba ita ba ce, Meme. Ta tafi."

Ta ƙara karkata kunne. Can ta ce, "Amma yana numfashi. Ku ci gaba, yarinya na jira."

Hawaye suka sauko wa Darta har haɓa. Mai buga gendar hannu biyu yake aiki da su, don haka bai sami na sharewa ba. A haka ya kai kiɗan ƙarshe, duk unguwa na kallonsa.

Bai koma otal ba. Gendar biyun suna gidan Komang yanzu, kuma duk bikin da aka kira su, ƙanen ne ke fara bugawa.

Darasi: Kada ƙwarewa ta sa ka raina wanda aka haɗa ka da shi. Akwai daɗin da ba ya cikinka kuma ba ya cikinsa, sai in kuna tare yake fitowa. Kuma ɓarnar mai girman kai sau da yawa mai haƙuri ne ke biyanta da abin da ya fi so. In kana da ɗan'uwan da ka juya wa baya, neme shi tun akwai abin gyarawa. Ku tura wa wasu su ma su karanta.