Bargon da Uwar Barnaba Ta Ɗinka

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana da ɗa guda ɗaya, sunansa Barnaba. Tun yana ƙarami ba ya fashin taron ikilisiya, kuma kun san halinmu, ba ma yin taro sai an buga riga. Ta haka ya tara tishat cike da akwati: ta ƙungiyar mawaƙa, ta sansanin matasa, har da ta ƙwallon da aka lallasa su ci biyar ba ko ɗaya.

Da ya girma, wata rana suka sami saɓani, ya gaya wa uwarsa magana mai zafi a gaban mutane. Ya tashi ya tafi Jos, ya bar akwatin. Fushinsa bai daɗe ba, amma kunya ta hana shi dawowa. Shekara huɗu ba shi ba labarinsa. Uwar kuwa tana kewarsa ƙwarai, har idan ta ji mota ta tsaya a bakin hanya, sai ta bar tuwo a wuta ta fito leƙe.

Ana nan sai wani direba ya ce mata ya ga Barnaba a tasha yana lodi, ya rame, ko abin rufa ba shi da shi a wannan sanyi na Jos. Ba ta iya rubutu ba, balle ta aika masa da wasiƙa. Sai ta buɗe akwatin, ta yayyanka rigunan, ta shiga haɗa su da allura domin ta yi masa bargo. Amma yadin tishat ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ta ja nan, can ya tattare. Bayan mako biyu abin ya fito a karkace, kamar tabarmar da ruwa ya daka.

Ta kai wa maƙwabciyarta Rahila, wadda take tela. Rahila ta juya shi, ta yi dariya, ta ce, "Maman Barnaba, wannan ai ko akuya ba za ta rufa da shi ba. Irin wannan yadi miƙewa yake yi. Sai kin farke, kin yi wa kowane ƙyalle shafi da yadi mai ƙarfi a bayansa."

Yadi mai ƙarfi ɗaya ne a gidan: atamfar da marigayi mijinta ya saya mata, wadda ta ajiye domin ta ɗaura ranar auren Barnaba. Rahila ta ce, "Haba, Mama, kada ki taɓa wannan! Idan ya ƙi dawowa fa?"

Ta ce, "Ko bai dawo ba, ai yana jin sanyi."

Ta sa almakashi ta yanka atamfar gunduwa-gunduwa, tana yi tana share hawaye. Bargon ya zauna daram. Ta ba direban, ta ce, "Ɗana, ka kai masa. Ka ce ya duba bayansa."

Ma'anar wannan misali ita ce: rigunan nan kwanakinmu ne, masu kyau da marasa kyau. Mukan yi ƙoƙari mu haɗa rayuwarmu da ƙarfin kanmu, mu gyara nan, can ya ɓaci. Ni ma na gwada, na gaji. Uwar tana nuna mana zuciyar Allah, wanda yake marmarinmu tun ba mu nemi gafara ba. Atamfar kuwa Yesu Almasihu ne, abu mafi daraja a wurin Uba, wanda aka ba da jikinsa domin ya riƙe mu. Idan ka kalli gaban rayuwarka kawai, kanka za ka gani. Juya ta, ka ga abin da aka sadaukar dominka.

Duk lokacin da na ba da wannan misali, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Barnaba ya koma gida?" Ban sani ba, 'yan'uwa. Na san dai bargon ya isa hannunsa, yadda wannan magana ta iso kunnuwanku yau. Akwai mai zaune a nan wanda kunya ce kaɗai ta tsare shi a tasha. Tashi ka tafi gida, an daɗe ana jiranka.