Wanda Ya Zuba Magimfa a Tafkin Marke

A can wani zamani mai nisa, tun ana gane garuruwa da ganuwarsu, an yi wani sarki ana ce da shi Jatau. Ƙasarsa ba ta da zinariya, ba ta da gishiri, amma tana da wani tafki gabas da birni, ana kiransa Tafkin Marke, wanda kifinsa ke ciyar da birni da ƙauye. Shi kuwa Sarki Jatau farauta ba ta dame shi ba, dara ba ta dame shi ba, abin da ya shiga ransa shi ne su, wato kamun kifi. Da hannunsa yake fere sandar fatsarsa, da hannunsa yake tufka zarenta, shi yake wasa ƙugiyarsa a dutse. In ya sami sararin fada, sai ya tuɓe alkyabba ya tafi gindin marken da ke bakin ruwa, ya zauna tare da Nomau, Sarkin Ruwa, shugaban masuntan wurin, su yi ta hira kamar sa'o'in juna.

Saboda ƙaunar tafkin nan Sarki ya kafa doka, cewa daga saukar ruwan farko har a yanke gero, ba mai jefa taru ko ƙugiya, don kifi ya sami damar yin ƙwai. Ya kuma haramta magimfa, wato ganyen nan da ake dakawa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso sama babba da yaro. Shekara da shekaru ana bin dokar, ba wanda ya taɓa ƙetare ta.

Ran nan da farkon damina, tafki bai riga ya cika ba, gari ya waye sai aka ga shirwa da ungulu sun rufe sararin gabas. Aka gaya wa Sarki, ya fita da kansa. Ko da ya isa bakin ruwa sai ya tarar tafki ya yi fari fat da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, har 'yan ƙananan da ba su kai yatsa ba, duk sun birkice suna yawo a kan ruwa, ƙarni ya cika wurin. Sarki ya tsaya, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya daka tsawa ya ce, "Wane la'ananne ne ya yi mini wannan?"

Ba wanda ya amsa sai ƙanensa, Ciroma Bawale, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa zai yi in ba waɗanda ke kwana a bakin ruwan ba? Na sha gaya maka masuntan nan ƙyashin dokarka suke yi. Ka ɗauki Nomau aboki, kana zama da shi a tabarma ɗaya, ga sakayyar da ya yi maka. Da ni ka danƙa wa tafkin nan tun da na roƙe ka, da ba a ga wannan rana ba."

Nomau ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi mu ma tashi muka yi muka gani. Ta gefen kurmi aka zuba magimfa, inda ba ma kwana."

Sarki ya ce, "Rufe mini baki, maci amana!" Nan take ya sa dogarai suka buga wa Nomau marin ƙarfe a ƙafa. Ya sa aka kawo gatura aka farfashe jiragen masunta, aka tara tarunansu aka cinna musu wuta. Ya yi rantsuwa cewa in jinjirin wata ya tsaya, Nomau zai baƙunci lahira, sauran masunta kuwa su kwashe 'ya'yansu su bar masa ƙasa. Waziri, wani dattijo mai suna Zailani, ya buɗe baki zai yi magana, Sarki ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yau ba na jin shawara."

Washegari fada ta cika, sai aka ji hayaniya a zaure. Wata mace ta ture dogari ta shigo, zanenta duk toka. Tabawa ce, matar Nomau, wadda sana'arta bandar kifi. Ba ta durƙusa ba, ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce, "Sarki, na zo in tambaye ka. Wa ya ga mijina da turmi? Wa ya gan shi da ganye? Mutumin da ya hana ɗan cikinsa jefa ƙugiya ranar da muka kwana da yunwa, don kada ya taka dokarka, shi ne zai kashe ruwan da muke ci? Jirgin da ka fasa jiya, ubana ne ya sassaƙa shi. Kifinka ya mutu, ka yi fushi. Mu da abincinmu ya mutu, jiragenmu suka bi, shugabanmu na ɗaure, wa za mu yi fushi da shi?"

Ciroma ya zabura ya ce, "A fitar da mahaukaciyar nan a zane ta!"

Sai Waziri ya sunkuya ya ce, "Zaki, a yi mini aron kunne sau ɗaya. Matar nan ta yi rashin ladabi, amma tambayarta tana nan ba a amsa ba. In an kashe Nomau alhali ba shi ba ne, wanda ya yi zai sake yi, kai kuma ka ɗauki jini. Ka ba ni zuwa tsayuwar wata. In ban kawo maka mai laifi ba, ka haɗa da rawanina."

Sarki ya dube shi a fusace ya ce, "Na ba ka. Amma ka sani ba zan ƙara maka ko yini ɗaya ba."

Waziri ya fita ya nufi tafki, ya kewaya shi a ƙafa yana toshe hanci. Abin da ya lura da shi shi ne, manyan giwan ruwan da tafkin ya yi suna da su ba su da yawa cikin mushen. Ya ce a ransa, lalle an tsince na tsincewa kafin gari ya waye. Wanda ya kwashi kifi mai yawa haka ba zai iya cinye shi ba, dole ya banda shi, wanda ya banda kuma dole ya nemi mai saye.

To, akwai wani madugu a masaukin fatake, Tanimu, tsohon aminin Waziri, wanda ayarinsa ke shirin tashi arewa. Waziri ya kira shi ya ce, "Ina so ka shiga kasuwa ka yi ta ƙorafi cewa kana neman busasshen kifi na lodin jakuna, ko nawa ne za ka saya, kuma kai baƙo ne, ba ruwanka da inda aka samo. Ka faɗa a rumfar mahauta, ka faɗa a wurin masu aski, inda magana ba ta kwana."

Madugu ya yi yadda aka ce. Kasuwa ta ci ta watse, ba wanda ya zo. Ta sake ci, shiru. Wata ya yi ta ƙanƙancewa, Tabawa kuwa kullum tana zaune a ƙofar Waziri, in ya fito ta ce, "Ranka ya daɗe, da rawaninka ka yi caca, ni da mijina." Waziri ya wuce abinsa. Sai da Madugu ya sa aka fara ɗaure kaya kamar gobe za a tashi, sannan wani mutum ya ja shi gefe a bakin rijiya ya ce, "In da gaske kake, biyo ni da jakunanka, amma bakinka alaikum."

Ya bi shi har wani rinji, wato gidan gona, a bayan kurmi. Suka tarar da rumbuna cike da bandataccen kifi, ga manyan turame a kife a bayan danga. Aka yi lodi. Suna fitowa sai ga dogaran da Waziri ya sa su bi sawun Madugu a ɓoye, suka kama mutumin, suka ɗauko turamen. Da Waziri ya ga fuskarsa sai ya gane shi, Ɗanjimma ne, sarkin gidan Ciroma, rinjin ma na Ciroma ne.

Waziri ya san in ya shiga fada ya ce ƙanen Sarki ne, gardama za a yi, jini kuma ya ja jini. Saboda haka da fada ta zauna sai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na sami labarin an ɓoye kifin tafki a wani wuri, kuma ina zaton ba nesa da ruwa ba ne. Kafin in aika, ina neman fatawa daga manyan fada. Wanda aka sami kifin a rumbunsa, in ya ce barorinsa ne suka yi bai sani ba, a karɓa masa?"

Ciroma ya ɗauka unguwar masunta ake nufi. Ya riga kowa magana ya ce, "A karɓa masa? Mai gida ne zai ce bai san abin da ke rumbunsa ba? Duk wanda aka samu a wurinsa, shi ne. A tuɓe shi, a kwashe abin da ya mallaka, kada a dubi girmansa ko kusancinsa da Sarki."

Waziri ya juya ga Alƙali ya ce, "Malam ya ji?" Alƙali ya ce, "Na ji, jama'a ma sun ji."

Sai Waziri ya tafa hannu. Aka shigo da mangaloli aka zazzage a gaban Sarki, aka dire turame, aka gurfanar da Ɗanjimma. Madugu ya faɗi inda aka yi masa lodi. Ciroma ya miƙe, gumi na keto masa, ya ce, "Ƙarya ne! Kifin kogin kudu ne, saye na yi tun bazara!"

Sarki ya sauko daga karaga, ya tsuguna a gaban tulin kifin, abin da ba a taɓa ganin ya yi a fada ba. Ya ɗauki wani ƙaton giwan ruwa ya duba bakinsa, ba raunin ƙugiya. Ya duba wuyansa, ba shaidar taru. Ya ɓare wata tarwaɗa, sai ga cikinta cike da ƙwai, alamar kifin damina ne ba na bazara ba. Ya sa yatsa a gindin turmi ya lakato koren ganye ya sansana. Sannan ya dubi Ɗanjimma ya ce, "Wa ya sa ka?"

Ɗanjimma ya kifa goshi a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana ne. Ya ce in an kori masunta, tafki zai dawo hannunsa, kifin kuma riba ce."

Sarki ya miƙe. Ya ce, "Bawale, nono ɗaya muka sha. Ka tsaya kusa da ni a bakin ruwa, ka ga hawaye a idona, ka nuna mini mutumin da bai yi komai ba. Da bakinka ka sa na fasa jiragen talakawana. Ku kawo mini takobi!"

Fadawa suka ruɗe. Waziri ya tare gabansa ya ce, "Zaki, fushin farko ya ci jirage. Kada na biyu ya ci ɗan'uwa. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci a gaban Alƙali, a bi abin da ya faɗa."

Sarki ya daɗe yana huci, sannan ya koma ya zauna. Ya sa aka warware rawanin Ciroma a tsakiyar fada. Aka kwance Nomau aka shigo da shi yana ɗingishi, mari ya ci masa idon sawu. Sarki ya ce, "Nomau, na zalunce ka, na zalunci mutanenka. Dukiyar Bawale kaf ta zama taku, a sassaƙa jirage, a saƙa taruna, a ciyar da ku har ruwa ya farfaɗo. Abin da bai isa ba, daga taskata. Ka yafe mini."

Nomau ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe."

Tabawa ta ce daga bakin zaure, "Shi ya yafe. Ni sai na ga kifi a tafki. Dukiya ba ta yin ƙwai a ruwa, Sarki. Wanda ya kashe shi ya rayar da shi."

Sarki ya ce, "Yaya za a yi?"

Ta ce, "Akwai 'ya'yan kifi a kogin kudu. A ba shi tulu."

Haka kuwa aka yi. Aka ba Bawale tulu da gammo, aka sa dogari a bayansa. Kullum sai ya tafi kogi, masunta su kama masa 'yan ƙananan kifi da rai, ya ɗauko a ka ya bi ta tsakiyar kasuwa, ta gaban mutanen da da suke faɗuwa su gaishe shi, ya kai tafki ya juye. In ya yi nawa a hanya kifin suka mutu, Tabawa na tsaye a bakin ruwa, ta leƙa tulun ta ce, "Koma." Ya yi damina yana yi, ya yi rani, wuyansa ya kumbura, tafin ƙafarsa ya tsage. Mahaifiyarsu ta aiko tana roƙo, Sarki ya ce ba shi ya ɗora tulun ba, ba shi zai sauke ba.

Sai a damina ta uku, wata safiya, Tabawa ta ga ruwa na motsi a gefen kurmi, garken karfasa na kiwo a cikin ciyawa. Ta daɗe tana kallo. Da Bawale ya iso da tulunsa, ta karɓa da hannunta ta juye, ta ajiye shi a ƙasa ta ce, "Ya isa. Tafi, kada in sake ganinka a bakin ruwan nan." A ranar ya bar ƙasar, bai ƙara dawowa ba. Da aka yanke gero, Nomau ya buɗe ruwa, sababbin jirage suka shiga, birni da ƙauye aka ci kifi.

Iyakar abin da ya zo mana na wannan hikaya ke nan, Allah ya tsare mu da hukuncin cikin fushi.