Tsagar Waziri Barau

A zamanin da, a wata ƙasa mai ganuwa, agana ta shigo birni tana ɗaukar mutane gida gida. Sarki Jatau yana da ɗa guda tak, Yarima Nagoma, sai ya sa aka kulle shi a ɗaki, ko iska kada ta taɓa shi.

Waziri Barau ya duba ya ga kulle ba ya hana ciwo. Abin da ya lura shi ne, masu zanzana a fuska, waɗanda agana ta taɓa kamawa, su ke jinyar marasa lafiya, ba kuma sa sake kamuwa. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ɓarawo dogaranka suka fi saurin cafkewa?"

Sarki ya ce, "Wanda suka san fuskarsa mana."

Waziri ya ce, "To, jiki ma yana da dogaransa a cikin jini. A yi wa Yarima 'yar tsaga a dantse, a shafa masa ɗan ruwan ƙurjin wanda ya fara warkewa. Dogaran su ga fuskar maƙiyi tun yana da rauni, ran da ya zo da rundunarsa ba za su buɗe masa ƙofa ba."

Sarki ya fusata. "Ciwon zan kai wa ɗana da hannuna? Fara da kanka!"

Waziri tsoho ne, tsoro kuwa ya kama shi, amma ya miƙa wa wanzami dantse. Zazzaɓi ya kwantar da shi har iyalinsa suka fid da rai. Da ya miƙe, ya tafi unguwar marina inda ciwon ya fi tsanani, ya yi ta jinya, ko atishawa bai yi ba.

Nan Sarki ya yarda aka yi wa Yarima. Waziri ya ce, "Saura kai, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Haba Waziri! Tun kakanni ba a zubar da jinin sarki, ko ɗigo."

Waziri ya roƙa har ya gaji.

Damina ba ta fita ba agana ta shiga fada, ta wuce Yarima, ta kwantar da Sarki. Fadawa suka watse. Waziri da Yarima ne kaɗai suka zauna gefensa, suna ba shi ruwa, har rai ya yi halinsa.

Ranar da aka naɗa Nagoma, kafin ya ce uffan, ya naɗe hannun rigarsa ya ɗaga dantse. Jama'a suka ga tabon. Washegari layin ƙofar wanzami ya kai har kasuwa.